Buhun Takin da Na Shimfiɗa wa Baba

Ranar Talatar nan Baba ya cika shekara bakwai da rasuwa. Na so a ce abin da zan ba masu karatu shi ne yadda yake tsugunawa a bakin hanyar ruwa yana wanke ƙafafunsa bayan la'asar, ko yadda yake gane irin albasa mai kyau da murza shi kawai a tafin hannu. Amma makon jiya Kawu, ƙanen Baba, ya je Tsibiri nema wa yayana Bashiru aure. Ana cikin gaisuwa wani dattijo ya tambaya ko yaron ɗan mutumin Dakkon nan ne da aka taɓa tsarewa a filin jirgi. Aka sallami Kawu da cewa za a yi shawara. Shi ya sa dole na koma kan maganar da na gaji da ita.

Baba manomi ne, shinkafa da damina, albasa da rani. Shi ne kuma ke jan salla a ƙaramin masallacin unguwarmu. Shekara biyu kafin rasuwarsa Allah ya nufe shi da zuwa umara. Ina da shekara goma sha shida a lokacin, kuma ni Inna ta ɗora wa shirya masa jaka, don ta ce na fi ta iya ninki. Akwai yaji, da ƙuliƙuli, da man shanu a 'yar roba, ga kuma haraminsa fari sol. Na ji tsoron maiƙo ya ɓata haramin. Sai na yi abin da kowace mace ke yi a garinmu: na ɗauko buhun takin zamani da ya ƙare, na kakkaɓe shi, na farke shi, na shimfiɗa tsakanin kayan. Da buhun taki muke shanya kuɓewa, da shi muke rufe rumbu, a kansa yara ke zama. Ban taɓa ganinsa a matsayin wani abu ba sai buhu.

Shi ma Baba, da safiyar tafiyar, sai da ya leƙa fadama ya watsa wa albasa taki da hannunsa. Ya ce ba zai bar ta da yunwa mako uku ba. Daga can ya yi alwala ya hau mota zuwa Talata Mafara.

Sauran labarin daga bakinsa na ji, sau ɗaya tak, yana ba Inna. A babban filin jirgin da za su tashi, wata jami'a ta goga wani ɗan farin ƙyalle a hannuwansa da cikin jakarsa, ta sa a na'ura. Na'urar ta yi ƙara. Aka sake, ta sake. Aka janye shi gefe, aka sa ya cire hula, aka baje kayansa a kan tebur har da 'yan kamfai, a gaban mutanen da ya yi wa jagorancin addu'a a mota. Ya ce ba wanda ya zage shi, ba wanda ya taɓa shi da mugunta. Tambaya ɗaya suke maimaitawa, ko ya taɓa abin fashewa, shi kuma yana ta nuna musu hannuwansa. Awa uku aka yi kafin wani babba a cikinsu ya ɗaga buhun, ya karanta rubutun jikinsa, ya tambaye shi sana'arsa. Suka ba shi haƙuri. Jirgi ya riga ya tashi, sai bayan kwana biyu ya bi wani.

Kwana biyun nan sun isa. Wani abokin tafiya ya buga waya gida kafin a rufe ƙofar jirgi. Kafin Baba ya ga Ka'aba, an gama faɗa daga Bakura har Faru cewa an kama shi da kayan bam. Lokacin kuwa an fara kallon juna a karkace a yankinmu, kowa na tunanin wa ke kai wa mutanen daji labari. Da ya dawo ya yi bayani, ya ce taki ne. Wasu suka gaskata. Wasu suka ce ina aka taɓa jin na'urar Turawa ta yi kuskure. Ba wanda ya hana shi limanci, sahu ne dai ya riƙa raguwa, har wata asuba ya tura wani gaba ya koma baya. Bai sake jan salla ba.

Ko sau ɗaya bai ce ni na shirya jakar ba. Duk wanda ya tambaya, sai ya ce shi ya sa buhun. Na kwashe wata takwas ina ɗauke da abin, sannan wata rana da na kai masa fura gona na faɗa masa ina kuka. Bai ɗago daga cirar ciyawa ba.

"Ɗiyata, buhun nawa na, takin nawa na, hannuwan ga ma nawa na," in ji shi. "Ko ba ki sa komi ba, da hannuna sun isa. Aje furar a inuwa."

Sai a jami'a, bayan an binne shi, wata malamar kimiyya ta yi mana bayani a cikin minti biyar. Akwai sinadarin da ke cikin wasu takin zamani, wanda kuma ake samu a abubuwan fashewa. Na'urar ba ta san niyya ba, ɓurɓushi kawai take gani, ko da wanda ido ba ya iya gani ne. Har man shafawa da wasu magungunan ciwon zuciya kan tayar da ita. 'Yan aji suka yi dariya. Ni na rubuta komai a littafi, ban san wa zan kai wa ba.

Bara na hau jirgi karo na farko. Aka goga min ƙyallen a hannu, na'urar ta yi shiru. Ina ɗaura agogona sai na tuna cewa shekara huɗu ke nan rabon wani ɗan gidanmu da taɓa taki, tunda hanyar fadama ta zama abin tsoro muka dawo Mafara. Ban san me Baba zai ce da waɗannan hannuwan nawa masu tsabta ba. Ina jin ba zai zargi masu binciken ba. Mutum ne da ke duba kowane buhun iri kafin ya shuka, ya san amfanin dubawa. Abin da zai tambaya, ina tsammani, shi ne me ya sa baƙi suka wanke shi cikin awa uku, amma maƙwabtansa shekara tara ba ta ishe su ba.

Idan na auna abin da ya rage na Baba, nakan rasa yadda zan yi da ma'aunin. Akwai mutanen da ya koya wa Fatiha, yanzu suna koya wa 'ya'yansu. Akwai irin albasarsa da har yau ake nema da sunansa a kasuwa, wasu masu sayen ba su ma san ya rasu ba. Akwai kuma waccan wayar guda ɗaya, wadda ta rayu fiye da shi, ga ta yanzu ta tsaya tsakanin ɗansa da aure.

Kawu zai koma Tsibiri ranar Juma'a. Ya ce in rubuta masa sunan sinadarin da manyan baƙaƙe, ya nuna musu, tunda ni ce mai boko. Na rubuta. Na daɗe ina kallon kalmar, 'yar kalma ɗaya ta wani harshe, wai ita ce za ta tsaya wa mutum mai shekara sittin shaida. Sai na ƙara layi ɗaya a ƙasanta, da Hausa, na sa sunana: ni na shimfiɗa buhun, ya sani, kuma ya rufa min asiri har ya mutu. Idan suna son sanin irin gidan da 'yarsu za ta shiga, su fara karanta wannan.

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya makwancinsa.