Suruki a Layin Safe

Lokacin da nake ba ku labari babu Arlit. Babu gida ko ɗaya, sai duwatsu da rana da mu. Nasara ne ke mulki, sun kawo mu daji arewa da Agadas muna haƙa ramuka, su kuma suna yawo da wani akwati mai ƙara suna shinshinar ƙasa. Ni ne tafinta. Daga Damagaram aka ɗauko ni saboda ƴar lakkol ɗin da na yi, wato makarantar boko, Faransancina kuwa na neman tuwo ne kawai.

Aiki ya yi sanyi a shekarar nan. Mutane suna fitowa, amma jiki ne kawai, zuciya tana gida. Ba wanda ya taɓa gaya musu abin da ake nema cikin dutsen, ni kaina da nake tsakani ban sani ba. A ce haƙa, su haƙa, a ce rufe, su rufe. Wa zai sa ƙwazo a ramin da bai san na mene ne ba? Mutum uku suka sulale, ko sallama babu.

Sai aka aiko mana sabon shef, nasaran da zai shugabanci aikin. Matashi ne, kuma tsakani da Allah ba mugu ba ne, bai taɓa zagin uban kowa ba. Ya duba ya ce ciwon shantiyen nan, wato wurin aikinmu, rashin magana ne. Gaskiya ya faɗa. Maganin da ya kawo ne ya gama da mu. Ya ce kowace safiya kafin a ɗauki diga, kowa da kowa ya tsaya layi gaban tantinsa, mutum ya faɗi da bakinsa yadda aikinsa yake da abin da ke damunsa. Ya kuma hana a riƙa zuwa wurinsa ɗaya-ɗaya, wai wannan hanyar tsegumi ce.

Akwai wani mutumin Abzin a cikinmu, shi ne babban masu shiga rami. Haƙar rijiya ce sana'arsa tun asali. In ya ƙwanƙwasa bango ya saurara, zai ce maka wannan zai riƙe, wancan zai rufta, kuma haka za a gani. Dabbobinsa sun ƙare a fari, matarsa ta koma zangon iyayenta wajen Dannet, ba za ta dawo ba sai ya tsayar da abin riƙe ta, ƴan awaki da raƙumi ko guda. Abin da ya sa yake aikin ke nan, kowa ya sani. In ya rasa aikin, aurensa ya rasa.

Uban matar kuwa yana nan tare da mu, tsoho ne mai raƙuma da ke kawo mana ruwa a salka. A wajen mutanen nan kunyar suruki ba wasa ba ce. Mu ma muna da ita, amma tasu ta ninka tamu. Ba ka ci a gabansa, ba ka sha, ba ka buɗe baki. Wata da watanni suna shantiye ɗaya ba su taɓa haɗa inuwa ba. Mu ma mun saba ba tare da wani ya tsara ba: in tsoho ya doso da ruwa, wani zai yi tari, mai rami ya koma ƙasa.

Layin shef ya tsayar da su taku biyar tsakani.

Safiyar farko kowa ya ce lafiya lau, har wanda ciki ya hana shi sakat. Da aka zo kan mai rami sai ya ja amawali har ƙarƙashin ido, ya dubi ƙasa. Shef ya jira, ya sake tambaya, na sake fassarawa, shiru. Washegari haka, jibi haka. A da mai ramin ne ke zuwa da rana ya gaya wa tsohon shef, ta bakina, inda bango ya yi rauni. Yanzu an rufe wannan ƙofa, wadda aka buɗe masa kuma ba ya iya shiga.

Na gwada, kada a ce ban gwada ba. Na sami shef na ce, "Mushe," haka muke kiran nasara, "tsohon nan uban matar mai rami ne."

Ya yi dariya ya ce, "To sai me? Ni ma ina da suruki, tebur ɗaya muke cin abinci."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Maganar tana bakina: a yi layi biyu, ko a sallami tsoho ya tafi rijiya da wuri, shi ke nan an gama. Amma na ga abin da ya sami tafintan da ya riga ni, wanda ya mai da kansa mai ba da shawara. Baki shi ke yanka wuya. Na haɗiye, na ce, "Haka ne, Mushe."

Tsohon ya fi ni dabara. Ya fara kora raƙumansa tun da asuba don ya ba yaron fili. Kwana biyu mai rami ya yi magana a layi, magana mai kan gado, har shef yana gyaɗa kai yana rubutawa. Rana ta uku ya lura babu mai ruwa. Ya ce doka ta kowa ce, ya aika aka komo da tsoho daga hanya. Garin neman gira aka rasa ido. Bakin mai rami ya sake rufewa, shef kuma ya ɗauka raini ne, tunda ya ga yana iya magana in ya so.

Ya ce mini, "Gaya masa gobe ko ya yi magana ko ya ajiye diga."

Na gaya masa a bakin rami. Ya daɗe yana murza igiya a hannu, sannan ya ce, "Tafinta, kai ma ɗan mutane ne. Za ka iya?"

Na ce, "Ba zan iya ba."

Ya ce, "To." Ya koma cikin raminsa.

Da yamma tsoho ya kira ni bayan raƙumansa. Ya ce, "Ɗana, ka gaya wa nasara na bar aiki. Ka ce tsufa ne. Gobe wani zai kawo muku ruwa."

Na ce, "Baba, da me za ku ci?"

Ya ce, "Ni na ci nawa. Shi ne bai fara ba."

Da gari ya waye babu tsoho, babu raƙuma. Wallahi har na ji sanyi a raina, na ce an huta. Aka tsaya layi, aka zo kan mai rami. Ya dubi gurbin da tsohon ke tsayawa, ya dube ni, na san ya gane. Ya sauke amawali kaɗan, ya yi magana a hankali. Ya ce rami na gabas bangonsa ba zai kai kwana uku ba, kada a sa kowa ciki sai an tokare shi. Ya faɗi wanda ya kamata ya riƙe igiya da wanda bai kamata ba. Na fassara duka, shef yana murna. Sannan ya ajiye digarsa a gaban tantin.

Na ce, "Haba, me kuma? An ba ka hanya."

Ya ce, "In ci abincin da aka cire daga bakin surukina? Da wane ido zan je ɗaukar ƴarsa?"

Ya saɓa buhunsa ya nufi kudu da ƙafa. Daga baya wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya ce mana ya gan shi yana ban ruwa a lambun wani a cikin duwatsun Abzin, shi kaɗai, matar ba ta koma ba.

Shef ya tsaya da littafinsa a hannu yana kallon bayan mutumin har ya yi nisa. Fuskarsa ta nuna da gaske bai gane ba, kuma da gaske yana son ya gane. Ya juyo gare ni ya ce, "Na ba su baki su yi magana. Me na yi musu?"

Mutum ashirin suna tsaye suna jiran abin da zan ce. Na san amsar daga farkonta har ƙarshe, kuma Faransancina zai kai ta. Na gaji ne, kuma ina tsoro.

Na ce, "Babu komai, Mushe."