Waƙa ta Huɗu da Saƙon Kakata

Kafin in shiga labarin, wajibi ne in faɗi inda na samo shi. Madogarata uku ce: ƙaramin littafin da nake rubuta lambobin rikoda a ciki, wanda har yanzu yana hannuna, abin da kawuna ya tuna, shi kuwa ba ya ba da labari iri ɗaya sau biyu, sai ƙwaƙwalwata, wadda za a ga darajarta nan gaba. Shekarar ban tabbatar ba. Ni ina ganin ina aji biyu a jami'a, mahaifiyata ta ce aji uku. Ko ma dai yaya ne, tsakiyar shekarun 1970 ne, bayan Hajji, ranar Juma'a, a gidanmu na unguwar Bani Malik a Jidda. Juma'ar ce kaɗai ba ni da shakka a kanta, domin kantuna a rufe suke.

Kawu direba ne a wata masana'anta a kudancin gari, yana tuƙa wani injiniya ɗan Japan. Da mutumin zai koma ƙasarsu sai ya bar masa kaset guda na wata mawaƙiyarsu. A cewar kawu, injiniyan ya ce tun tana yarinya take waƙa, tsoho da yaro kowa na son ta, kuma waƙoƙin duk na soyayya ne. Na tambaye shi da wane yare suka yi wannan bayani, ya ce da Larabci kaɗan, Turanci kaɗan, sauran da hannu. Saboda haka ban ɗauki alhakin wannan ruwaya ba. Rubutun jikin kaset ɗin kuwa, har yau ban san sama da ƙasansa ba.

Abin da na sani da kaina shi ne waƙa ta huɗu a fuskar farko. Muryar takan sauka ƙasa kamar za ta ƙare, sai ta yi rawa ta sake tashi. Ni da ban taɓa yi wa wata mace magana ba in ban da gaisuwa, nakan zauna gaban rikoda ina jimamin rabuwa da masoyiyar da ban taɓa yi ba. A littafina na rubuta lambar da ƙaramar tagar rikoda ke nunawa daidai inda waƙar ke farawa, na ja mata layi biyu.

A lokacin, wasiƙarmu zuwa ga 'yan'uwa kaset ce. Alhazai ke kaiwa, a can a ɗauki amsa a kansa, wasu alhazan su dawo da shi baɗi. Kakata tana da ƙanwa a wani ƙauye a bakin kogi a Sudan. Shekara talatin da wani abu da suka wuce, kaka ta bar ta da jinyar mahaifiyarsu, ta haye teku da alkawarin dawowa bayan Hajji. Ba ta koma ba, uwar ta rasu, kuma tun daga nan ko gaisuwa ba ta shiga tsakaninsu ba. Ranar Juma'ar nan wani alhaji ɗan ƙauyen ya biyo yin sallama, jirgin ruwansu zai tashi bayan la'asar. Ba zato kaka ta ce za ta yi wa ƙanwarta magana.

Babu kaset sabo a gidan. Duk ido ya dawo kaina.

"Mai gidana," in ji kaka, don haka take tsokanata, "kawo kishiyar tawa mai kuka da safe."

Na kawo, na liƙe ramukan kaset ɗin da salatif don ya karɓi ɗauka. Kawu da mahaifiyata suka cinye fuska ta biyu da gaishe-gaishensu. Na juya fuskar farko, na yi lissafi irin na ɗan jami'a: waƙa uku sun kai minti goma sha biyu, tsohuwa kuwa minti biyar ya ishe ta. Ta huɗu za ta tsira, baɗi ta dawo mini.

Abin da lissafina bai sani ba shi ne, kaka ba ta gaisuwa ita kaɗai. Ta gyara zama, ta fuskanci rikoda kamar baƙuwa.

"Ina wuni?" Sai ta yi shiru, ta ba ƙanwarta lokacin amsawa. "Madalla. Ina gajiya?" Shiru. "To, alhamdu lillahi. Yaya ƙafar taki?"

"Hajja," na ce a hankali, "ba ta jin ki yanzu, yalla, maza ki wuce gaba."

"Kai ne ba ka jin ta. Wa ya taɓa gaida mutum ya hana shi amsawa?"

Ta gaida maƙwabta gida-gida, har da waɗanda alhajin ya ce sun rasu, ta yi musu addu'a, ta jira amin. Waƙa ta ɗaya ta tafi, ta biyu ta bi ta, ta uku tana tafiya. Idona yana kan lambobi. Saura ƙiris su kai mai layi biyu sai muryarta ta canza, ta ce, "To, game da ranar da na haye ruwa…"

Na yi tari, na danna maɓallin dakatarwa.

Ta ci gaba da magana, kimanin minti huɗu, ko biyar. Ban rubuta ba. Mahaifiyata ta sunkuyar da kai, kawu ya fita da alhajin tsakar gida. Ni kuwa ina zaune tazarar kamu biyu daga bakinta, ina kare rikoda da gwiwata kada a ga kaset ba ya juyawa. Ko kalma ɗaya ban riƙe ba. Ta ce, "Halas, na gama, kashe." Na kashe abin da ya riga ya tsaya.

Baɗi amsa ta zo, amma a wani kaset dabam. Muka taru, na kunna. Ƙanwar ta amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, yadda aka yi ta, sannan ta ce, "Yaya, kin fara maganar ranar da kika haye, sai wata mata ta karɓe da kiɗa. Ban san yarenta ba, amma na san mai kukan rabuwa in na ji ta. Na yi kuka na ƙoshi. In ita kika wakilta, na karɓa, na yafe. In kuma akwai sauran magana, ki faɗa da bakinki. Kaset ɗin kuwa na riƙe, ina son matar."

Kaka ta juyo ta dube ni. Na faɗi gaskiya, har da lambar, kamar lambar za ta rage laifin.

"Hajja, ga rikoda, a sake ɗauka. Na sayi sababbi uku."

"Shekara talatin na yi ina tara maganar nan, na zubar da ita sau ɗaya. Ba kana wurin ba? Kai ne mai karatu, faɗa mata."

Na je wurin mahaifiyata, ta ce maganar manya ce, ba ta ɗauko ta don ta raba ba. Tun daga nan kowace shekara kaka tana aika gaisuwa da shirunta, ƙanwar tana amsawa, kuma duk lokacin da na zauna gaban rikoda sai ta sa in ɗora hannuwana biyu a kan gwiwa inda za ta gan su. Maganar ranar hayewa ba ta sake tasowa ba. Waƙar ma ban sake jin ta ba, tana can bakin kogi.

Tuni na gama jami'a, an ba ni takardar shaida cewa na iya bincike da adana bayani. Tambayar da ban iya amsawa ba ita ce: a cikin mintocin nan, gafara kakata ta nema, ko kuwa wani abu ta faɗa wanda da ƙanwarta ta ji shi ba za ta yafe ba?