Na Zaci Kunyar Ɗan Fari Ce

Ai wannan musun da kuka yi ta yi a ƙasan rubutuna na jiya shi ya hana ni sakat, wai uwar da ba ta wasa da jaririnta a gaban mutane ba ta son shi. Ku tsaya in ba ku nawa labarin, don ni na taɓa tsayawa a ɗakin da irin wannan maganar ta kusa raba uwa da ɗanta.

Shekarun baya, ban daɗe da gama sakandare a nan Bronx ta birnin New York ba, na samu gurbi a wata ƙaramar ƙungiya mai bin masu jego gida-gida tana taimaka musu da raino. Ban karanci aikin a jami'a ba. Iyakata littattafan laburare, da bidiyon da nake kallo a waya har idona ya yi ja, da rainon ƙannena, sai raka matan unguwarmu ta Mount Hope asibiti ina yi musu tafinta. Amma a lokacin in kun ji ina bayani, sai ku rantse ni na raini rabin yaran New York.

Kafin a sake mu mu fara aiki sai da aka ba mu horo, kuma wani ɓangare nasa a kan wasu mata ne da ni ban ma san da su ba, alhali kullum muna haɗuwa a jirgin ƙasa. 'Yan asalin ƙasa ne daga ƙauyukan duwatsun Meziko da Gwatamala, waɗanda kakanninsu ke can tun kafin Turawa su zo. Mu duk wanda muka gani mai kama da su sai mu ce ɗan Sifaniyanci ne. Ashe suna da harsunansu daban, wasunsu Sifaniyancin da suke ji bai wuce Turancin kakata ba. Malamar da ke koya mana ita ma daga can ta fito, wata dattijuwa gajeriya mai dogon kitso guda ɗaya a baya, ba ta da yawan magana. Ni kuwa kullum hannuna a sama.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai a horon nan. An gaya mana doka ta ɗora mana nauyi: in muka ga alamar ana sakaci da yaro, dole mu sanar da hukumar kula da yara. Duk wanda ya zauna a unguwanninmu ya san yadda iyaye mata ke jin sunan hukumar nan. Ko da wasa aka ambace ta, hira takan mutu.

Ziyarata ta farko, tun muna cikin horon, aka haɗa ni da wata tsohuwar ma'aikaciya, ina ce mata Anti. Mutuniyar kirki ce, ta daɗe a aikin, tana jin Sifaniyanci kamar ruwa. A hanya ta gaya min daga asibiti aka turo mana maganar: mai jegon, ɗaya daga cikin matan nan na Meziko, ba ta kallon jaririnta, ba ta yi masa magana, kuma yaron ba ya ƙara nauyi yadda ake so.

Muka hau wani dogon bene marar lifta, ina haki ina ɓoyewa. Ɗaki ɗaya ne aka raba da labule, ita da mijinta a gefe guda, wasu a ɗayan gefen. Mijin yana wurin aiki. Matar ba za ta girme ni sosai ba. Ta ɗaure jaririn a ƙirjinta da wani dogon mayafi mai ratsi-ratsi, ɗakin a share tas.

Anti ta shiga da fara'a, ta leƙa fuskar yaron, ta riƙe hannayenta a baya kamar yadda aka koya mana, don an ce kada mu taɓa jariri sai da izini. Ta yi ta yabonsa, ga gashi, ga kumatu, ga hanci. Ni dai ina ganin fuskar uwar tana sauyawa. Sai kawai ta ja mayafin ta rufe kan yaron gaba ɗaya, ta juya wajen bango.

Anti ta tambayi sunansa. Shiru. Ta tambaya ko yana shan nono sosai, matar ta ce e. Ta tambaya ko ba ya sha, ta sake cewa e. Idonta a ƙasa har muka fita.

A kan matakala Anti ta tsaya ta dafa bango. "Ban ji daɗin abin nan ba," in ji ta. "Tana ɓoye shi. Ban san me take ɓoyewa ba. Ranar Juma'a zan zauna da shugabarmu, in ba mu da bayani, kira za mu yi."

Ranar Talata ce.

Ina cikin jirgi a hanyar gida wani abu ya faɗo min, har na kusa yin magana ni kaɗai. Kunyar ɗan fari. Ni 'yar fari ce. Mahaifiyata har yau ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce "ke", ni ce "waccan", ni ce "yarinyar nan". Ranar da aka ba ni kyauta a makaranta kowa na tafi, ita takalminta take kallo. Kuma na san babu wanda take so a duniya kamar ni. Na ce shi ke nan, na gano bakin zaren.

Na tarar da Umma a kicin tana kaɗa miyar kuka. Ko jaka ban ajiye ba na zazzage mata labari.

Ba ta juyo ba ta ce, "Ita matar Bafulatana ce?"

"A'a Umma, 'yar Meziko ce."

"Bahaushiya ce ta Meziko?"

"Umma mana."

"To ke a ina kika san al'adarsu? Daga ganin sarkin fawa sai miya ta yi zaƙi?" Ta ɗanɗana miyar, ta ƙara gishiri. Can ta ce, a hankali, "Amma da a garin nan na haihu na fari, aka turo irinku da biro da takarda, da yanzu waccan tana gidan wasu tana cin taliya da cuku."

Dariya ta so in yi. Ni kuwa tuwon ma kasa ci na yi.

Washegari a aji, malama ba ta gama gaisuwa ba hannuna ya tashi. Na miƙe na yi musu lacca a kan kunyar ɗan fari: yadda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, wani lokaci ma kaka ce ke riƙe shi. Na ce wannan shi ne abin da muka gani jiya, babu wani sakaci, a bar maganar kira. 'Yan ajin suna ta gyaɗa kai, har wata tana rubutawa. Na zauna ina jin kaina a sama.

Malama ta ce, "Al'ada ce mai kyau, ban taɓa jin ta ba, na gode. Ita ce ta gaya miki haka?"

Na ce a'a.

"Shi ne ɗanta na fari?"

Anti, da ta zo sauraro, ita ce ta duba takardar asibiti ta amsa daga bayan aji. Na uku ne. Biyu suna can ƙauye wurin kakarsu.

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Kuma abin bai tsaya a kunyata ba. Da aka tashi, Anti ta ce min ita yanzu hankalinta ya ƙara tashi, don da ta ɗauka ko rashin sabo ne na sabuwar uwa, amma wadda ta raini biyu me zai sa ta yi haka? Wato ni da na zo ceto, na ƙara tura matar bakin rami. Ga Juma'a saura kwana biyu.

Na bi malama har bakin ƙofa ina roƙonta ta raka mu. Ta ce ba aikinta ba ne, ita koyarwa aka ɗauke ta. Ta kuma ce ko ta je ba lallai su fahimci juna ba, don a wurinsu kana tsallaka dutse ɗaya harshe ya sauya. Na ce ko rabi ta ji ai ya fi e ɗin da muke samu. Ban san me ta gani a fuskata ba, ta dai ce gobe da la'asar.

Ranar Alhamis muka koma mu uku. Malama ta tsaya a wani shago ta sayi burodi mai zaƙi. Da muka shiga ko kujera ba ta nema ba, ta zauna a kan wani bokitin fenti da aka kife. Ba ta kalli jaririn ba ko sau ɗaya. Ta yi wata magana a harshensu. Matar ta ɗago kai da sauri, karo na farko da na ga idonta sosai.

Suka fara. Wani wurin su tsaya, su maimaita, su nuna da hannu, su saka kalmar Sifaniyanci ɗaya su wuce. Daga baya malama ta ce min hirar sanyi suka yi, da masara, da wane gari ne ya fi kusa da wane. Ni a lokacin ban sani ba. Ina tsaye jikin labule, ina satar kallon Anti, ita kuma tana satar kallon agogo. A raina ina cewa, Baba tsohuwa, ki shiga maganar mana, gobe Juma'a.

Sai can muryar matar ta canza. Ta yi magana mai tsawo ba tsayawa, hawaye na zuba, hannunta ɗaya a kan mayafin. Malama ta bar ta ta gama, sannan ta juyo gare mu.

Ta ce a garin su matar, in baƙo ya zuba wa jariri ido yana yabonsa bai taɓa shi ba, idon yakan kama yaron, ya yi ta kuka da zazzaɓi. Maganinsa shi ne wanda ya yaba ya shafa kan yaron. To tun daga asibiti kowa sai ya leƙo, ya yaba, ya tafi da hannunsa a aljihu. Shi ya sa take rufe shi. Suna kuwa, wata maƙwabciya ce ta gaya mata masu zuwa da takarda in suka rubuta sunan yaro, sun fara shirin ɗauke shi ke nan. Ta ce biyu sun riga sun yi mata nisa, wannan ne kaɗai a hannunta.

Kambun baka. Abin da a gidanmu in ka yabi jariri ba ka ce tubarkalla ba sai an harare ka. Yana gabana, na tsallake shi na tafi neman wani can.

Amma akwai sauran magana, kuma a nan ne Anti ta yi gaskiya da ta damu. Yaron ba ya kama nono da kyau. Yakan kama ya saki, ya yi kuka, ya gaji ya yi barci. Uwar ta san da matsala tun satin farko, don na baya biyun ba haka suka yi ba. Ta yi ƙoƙarin faɗa a asibiti, aka kawo mata tafintan Sifaniyanci, ta rasa kalmomin, sai ta ce e.

Anti ta ajiye jakarta a ƙasa, ta je ta wanke hannu, ta dawo ta ce malama ta tambayar mata izini. Matar ta dubi malama, ta dubi Anti, ta ɗan janye mayafin. Anti ta sa tafin hannu ta shafa kan yaron tun daga goshi har ƙeya. Ni ma na matso na shafa, na ce tubarkalla masha Allah, ko da yake ba wanda ya san me na ce.

Ba a yi kiran ba. Abin da aka yi ranar Juma'a shi ne Anti ta zauna a kan waya har sai da ta samo mai jin harshen matar sosai, aka mayar da su asibiti tare da mai koyar da shayarwa. Ni aka ba aikin raka ta. Yaron ya ɗauki lokaci kafin ya murmure, ba dare ɗaya ba, kuma duk ranar awo sai na yi ta addu'a kafin a ɗora shi a sikeli.

Yanzu in na tuna, nakan ga al'adarmu ta yi min rana ta wani gefen, don ita ta sa na ƙi yarda cewa uwar da ta sunkuyar da kai ba ta da ƙauna. Amma ba ta ba ni amsa ba. Na ɗauki rigar gidanmu na nemi in saka wa matar mutane, ita kuwa tana zaune da bayaninta a baki, ba wanda ya zo da kunnen da zai ji. Abin da har yau ke tayar min da hankali shi ne, da malama ta ce ba za ta je ba fa? Ko da garinsu ya ɗan ƙara nisa da nata? Ina hawan benaye da yawa a aikin nan, kuma ba kowace ƙofa nake zuwa da dattijuwa a bayana ba.

Wata rana, bayan an ɗan kwana biyu, na je ni kaɗai. Ba mu da harshe ɗaya ni da ita, sai murmushi da nuni. Ina zama ta kwance mayafin, ta ɗora min yaron a cinya, ta ɗauki tawul da sabulu ta shige banɗaki. Na ji ta murɗa makulli, na ji ruwa ya fara zuba. Ta daɗe a ciki, har da 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Ni kuwa ko motsin kirki ban yi ba har ta fito.

To ku fa? Wace al'ada ce a gidanku wadda in baƙo ya shigo ya gani zai rantse rashin so ne? Musamman ku da kuka haihu a ƙasar nan, ku gaya min abin da aka taɓa yi muku mummunar fahimta a kansa. Sababbin ma'aikata na zuwa mana wata mai kamawa, kuma na fi so su ji daga bakinku a kan su ji daga nawa.