Kalmomin da Na Zubar

Shekarar da na gama karatun kwamfuta ban samu aiki ba, sai na samu wasiƙu. Baffana, wanda ya yi ritaya daga koyarwa, ya shafe watanni yana juyar da wasiƙun kakanmu daga ajami zuwa boko, yana kaiwa ana buga masa a wani shago a Ƙofar Wambai. Wasiƙu ne wajen tamanin da marigayin ya aiko wa yayansa a shekaru shida da ya yi a gabas, can wajen Chadi, yana fataucin fatu. Da Baffa ya gama sai ya miƙo mini su, ya ce tunda ina zaune ba aikin fari ba na baƙi, in yi musu wata dabara da za a riƙa nemo magana a ciki ba sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ba.

Na ɗauko wani laburaren bincike, irin manhajar da wasu bayin Allah suka rubuta suka bar wa duniya kyauta, na zuba masa wasiƙun. Na rubuta "kanwa", kafin in ɗauke yatsana ya jero mini duk inda Kaka ya ambaci kanwa. Da ni mai hankali ne da na tsaya nan. Amma ni tun ina yaro ban taɓa barin rediyo da murfinta ba, don haka na buɗe cikinsa in ga yadda yake yi.

Abin da na tarar ya hana ni zama wuri ɗaya. Ashe ba karanta wasiƙun yake yi ba in an tambaye shi. Tun farko yake yanka kowace wasiƙa kalma-kalma, ya buɗe wa kowace kalma nata shafi a fihirisa, ya rubuta a gabanta a wasiƙa ta nawa ta fito, a gurbi na nawa. In ka tambaya, shafin kawai zai duba. Na tashi na zaga tsakar gida ina dariya ni kaɗai. Na tare ƙanwata tana tankaɗe na yi mata bayanin fihirisa daga farko har ƙarshe, ta ce in matsa ina tsaye a kan tabarmarta.

Sai kuma na gano yadda yake ba da maki, wato yadda yake zaɓar wasiƙar da zai sa a sama. A wurinsa kalmar da ba ta cika fitowa ba ita ce mai nauyi, wadda kuwa take ko'ina ba ta da wani amfani. Har wani kwando gare shi na kalmomin da yake watsarwa tun kafin su shiga fihirisa, sai dai duk na Turanci ne. Na ce yau ka zo unguwarmu Madabo, za ka koyi namu. Wasiƙun Kaka rabinsu gaisuwa ce, ta yayansa, ta limamin unguwa, ta maƙwabta gida-gida, kafin a kai ga farashin fata. Na rubuta 'yan layuka na ce duk kalmar da ta fito a kusan kowace wasiƙa a jefa ta kwando. Ban ko duba abin da ya faɗa ciki ba. Bincike ya ƙara tsafta, ni kuma kaina ya ƙara girma, har na fara tunanin wane kamfani ne zai yi sa'ar ɗaukata.

Duk wannan a ƙofar ɗakin Hajiya nake yi, kakata, matar mai wasiƙun, domin nan ne inuwa take da rana. Tana kirana mijinta, miji marar cefane. Wata rana da hantsi tana gyaran zogale ta tambaye ni ko gaskiya ne injin nawa ya haddace maganar mutumin nan duka. Na ce har wadda shi kansa ya manta. Ta ce to in tambaye shi ko an taɓa ambatonta.

Labarin nan duk gidan mun san shi, don ta sha ba da shi cikin raha. Wasiƙa za ta zo, a karanta a zaure tsakanin maza, sannan a leƙo cikin gida a ce yana gaida kowa da kowa. Takan ce kowa da kowa ɗin nan har da akuyar gidan. Na rubuta sunanta ina murmushi, ina jiran in burge ta. Babu. Na gwada laƙabinta, na gwada sunan mahaifinta. Babu ko ɗaya.

Ta yi dariya ta ce ai ta faɗa mini. Na yi saurin cewa mazan lokacin ba sa kiran sunan matansu, balle a takardar da yaya zai karanta.

"Ni za ka koya wa kunya? Ni ma ban taɓa kama sunansa ba. Amma shekara shida, ko ɗan alama babu?"

Ta ci gaba da zogalenta. Kwana biyu ba ta tsokane ni ba, ko cefane ba ta tambaye ni ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin da abin tana zato ne kawai, ni kuma na zo da injina na buga mata hatimi.

A rana ta uku na koma ciki, ba don ina da wata dabara ba, sai don ban iya haƙura ba. Na bi fihirisar shafi-shafi, fata, raƙumi, gishiri, zazzaɓi, ban ga komai ba. Can na tuna akwai wurin da ban taɓa leƙawa ba. Na sa ya zazzage mini kwandon. Ga su nan kamar yadda na zata: gaisuwa, lafiya, Allah, amin, bayan, haka, yaya. A tsakiyarsu kuma ga "ɗakin", ga "kudu".

Me ya kawo kudu a wasiƙar mutumin da yake gabas? Na cire su daga kwando, na sake gina fihirisar. Tunda laburaren yana riƙe da gurbin kowace kalma, na ce ya nuna mini abin da ke gaba da bayan kowace. Allon ya cika. A duba rufin ɗakin kudu kafin ruwa ya sauka. A sake yaɓen ɗakin kudu. Sanyi ya matso, a kai gawayi ɗakin kudu. Indararon ɗakin kudu na bar shi a karkace, an gyara? Kowace wasiƙa da nata, can ƙasa, an cusa shi tsakanin lissafin fatu da sallama.

Na kwasa da gudu sai wurin Baffa, takalmi ɗaya a ƙafata. Ya ce shi ma ya lura da maganar yana juyawa, ya ɗauka wani ɗakin ajiyar fatu ne, don shi bai san wani ɗakin kudu a gidanmu ba. Gaskiyarsa ne. An sayi kangon da ke bayanmu tun Baffa yana ƙarami aka ƙara gini, gidan ya miƙe, sunayen ɗakuna suka canza. Mutum ɗaya ce ta rage da za ta sani.

Na same ta a kan sallaya ta idar da walaha. Na durƙusa ina haki na ce, Hajiya, a da can wane ɗaki ake kira ɗakin kudu? Ta dube ni kamar na tambaye ta sunan garin nan. Ta ce ga shi ina durƙushe a cikinsa, nan aka kawo ta, nan take har yau.

Na fara karanta mata. Ina yi ina dariya, ina ƙirgawa da yatsu, ina cewa kin gani, kin gani, ga wata ma. Na karanta ta rufi, na karanta ta gawayi, na karanta wadda ya yi faɗa a ciki don an ce masa asabarin ƙofar ya tsufa ba a sauya ba. Na kai ta goma sha wani abu kafin na lura ni kaɗai nake murna. Hajiya ta ajiye carbinta, ta ɗaga kai tana kallon azarar ɗakin.

Ta ce duk shekara kafin damina magina sukan shigo su hau rufin nan, ba ta taɓa roƙa ba. Da sanyi a kawo mata gawayi buhu guda. Yayan mijinta ne yake turo su, shi take yi wa godiya, shi take sa wa albarka. Da mai gidan ya dawo kuwa, duk sanda suka saɓa sai ta yi masa gori, ta ce da ba don yayansa ba da ɗaki ya rufta mata yana can yana ƙirga fatu. Ta ce ta faɗa masa haka ya fi sau ɗari, a gaban 'ya'yansa ma ta faɗa.

Na tambaye ta me yake cewa.

"Ba ya cewa komai. Sai ya ci tuwonsa ya wanke hannu."

Ta yi wata 'yar dariya, ta kira shi ja'iri, ta goge ido da bakin mayafi. Na rasa abin yi da kwamfutar da ke cinyata, na rufe ta a hankali. Ni da na shigo da albishir, sai na ji kunya ta kama ni.

"To kai mai inji," ta ce, "yanzu wa zan ba haƙuri?"

Ta ce in buɗe in ci gaba daga inda na tsaya, kuma in daina sauri.