Jan Harsashi Mai Lamba Shida

Yau shekara uku ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Bawa maharbi na Tsafe. Sau huɗu ina fara wannan rubutu ina yagewa. In kun ga magana ta karkace ku yi mini uzuri. Ni ba marubuciya ba ce. Sakandare na gama, ina buga tafireta a wani shago a Tudun Wada, nan Gusau. Amma akwai abin da na gani da idona kwana biyu kafin Baba ya rasu, kuma mutum ɗaya kawai na taɓa gaya wa.

Baba yana da bindiga mai baki biyu, da takardarta ta hukuma, yana naɗe ta cikin wani tsohon bargo. Manoma daga Tsafe har Bungudu sun san shi. A wurinsa harbi ba a daji yake farawa ba, a wajen zaɓen harsashi yake farawa. Iri biyu yake saye. Akwai wanda yake kira mai tsaki, cike da ƙananan ƙwayoyi, na zabi da fakara da zomo. Akwai kuma mai gujiya, ƙwayoyinsa kaɗan ne amma manya, na barewa da gada da duk abin da yake da kaurin fata. Na sha jin yana gaya wa abokansa cewa wanda ya harbi babbar dabba da mai tsaki tsokanarta kawai ya yi, kuma ya shirya gudu.

Da can da kunne yake bambance su. Ya girgiza harsashi kusa da kunnensa, ya ce wannan na zabo ne. To, ƙarar bindiga ta cinye masa kunnen dama, na hagun ma sai an ɗaga murya. Boko kuwa bai yi ba. Sai ya koma ga launi: ja mai gujiya, kore mai tsaki. Shekara da shekaru haka suke zuwa daga shagon Malam Haruna da ke Sabon Gari, ba su taɓa saɓawa ba.

Ni ce 'yar fari a gidanmu. Baba bai taɓa kiran sunana ba, Inna ma haka. A ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, na girma, ko da yake gida ɗaya muke. In yana son in yi masa wani abu, ko ina tsaye kusa da shi, sai ya dubi bango ya ce a ce wa mai boko ta shirya jaka. Kaka ta yi dariya ta ce, "Mai boko, kin dai ji. Bakinshi bai iya sunanki ba, amma ya iya aikenki." Ni ma in ina da magana, Kaka nake gaya wa, ita ta kai. Kada wani ya ɗauka ƙiyayya ce. In ya dawo da zabo, sai ya ce a ajiye wa mai boko cinya. Ranar da na ci jarrabawar shiga sakandare ya fita ƙofar gida ya raba goro, bai gaya wa kowa dalili ba. Haka muke, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba sai rana ɗaya.

Wasu manoma ne suka zo daga wani ƙauye a gindin duwatsun Kwatarkwashi, suka ce gadu, wato aladen daji, ya addabi gonakinsu na rogo. Baba ya je Gusau ya sayo harsashi. Bayan la'asar ya ce a shirya jaka, a sa ja guda shida, da sassafe zai tafi. Kaka ba ta nan, ta tafi suna Bungudu, sai jibi za ta dawo.

Na buɗe kwalin a ɗakinsa. Ja ne, ba shakka. Amma ni da nake shirya jakar nan tun ina aji ɗaya na san masu jan launi haruffa biyu ne a jikinsu, koraye su ne masu lamba. Waɗannan sababbin lamba ce a jikinsu, shida, irin ta koraye. Na ɗauki ɗaya na girgiza a kunnena kamar yadda na ga yana yi. Kunnena lafiyarsa ƙalau. Na ji ƙarar nan ta tsaki a cikin kwano.

Na fito da shi a hannuna. Baba yana zaune a gindin darbejiya yana shafa wa bindiga mai, ya juya mini baya. Tsakanina da shi bai fi taku biyar ba. Inna tana madafa, ita ma ba na fara yi mata magana sai ta fara. Kuma don Baba ya ji ni dole in matsa kusa da kunnensa in ɗaga murya, ni, 'yar fari, a tsakar gida, in ce masa ya sayo abin da ba shi ba. Na tsaya har ƙafata ta gaji. Sai na ce wa kaina mutumin da ya yi shekara talatin yana harbi ya fi ni sani, ja kuma ja ne. Na koma na sa shida a jaka, na rataye ta a ƙusa.

Abin da ya faru washegari waɗanda suka raka shi ne suka faɗa. Da hantsi suka ga gadun a bakin gona. Baba ya matsa kusa, ya harba, ya sake harbawa. Duka biyu sun same shi, amma bai faɗi ba. Ya juyo, ya tsaga cinyar Baba da haurensa. A amalanke suka kai shi bakin titi, daga nan mota zuwa asibiti a Gusau. Jini ya riga ya zuba da yawa. Ya kwana ɗaya, ya cika kafin azahar. Ƙanensa, Baffa Garba, shi ne a wurinsa. Ya ce duk lokacin da Baba ya farfaɗo magana ɗaya yake maimaitawa: "Ja na sa, Garba. Ja na sa."

Bayan sadakar uku Baffa ya yanka ɗaya daga cikin harsasan da suka rage a kwali, tsaki ya zubo masa a tafin hannu. Ina leƙe ta taga lokacin. Bai tambayi wanda ya shirya jakar ba. Ya tafi Sabon Gari ya tara wa Malam Haruna jama'a, ya ce ya sayar wa maharbi harsashin tsuntsu a matsayin na dabba. Malam Haruna ya yi rantsuwa cewa ya gaya wa Baba masu yin abin sun canza launi, wannan na tsuntsu ne, mai gujiya ya ƙare sai wani mako, kuma Baba ya gyaɗa kai. Ba wanda ya yarda da shi. Ni na yarda. Duk wanda ya zauna gida ɗaya da Baba ya san in bai ji magana ba gyaɗa kai yake yi, don ba ya son a gane. Amma ban ce komai ba. Maharba suka daina shiga shagon, kafin shekara ya rufe. Yanzu igiya da batirin tocila yake kasawa a bakin tasha.

Ta nan hanyata take zuwa aiki. Nakan tsallaka titi tun daga nesa. Wata rana hankalina yana wani wuri, sai kawai na ji ya ce, "Ɗiyar Bawa, ya Innarku? Allah ya jiƙan Malam." Na amsa ban ɗaga kai ba.

Nakan zauna in yi tunanin abin da Baba zai ce da ya ga yau. Ya rasu tun Zamfara ba ta zama jiha ba. Yanzu Gusau ta cika da motocin gwamnati da baƙin fuskoki, ana ta gini ta kowace kusurwa. Dajin da yake shiga bayan Tsafe masu gawayi sun sare rabinsa. An ce sai mutum ya yini bai ga sawun barewa ba. Ina jin wannan zai fi ɓata masa rai, shi da ba ya harbin mai ciki. Bindigarsa tana wurin Baffa, har yanzu cikin bargon, ba wanda ya sake shafa mata mai. Ni kuma da zai gan ni a gaban tafireta, na san zai fita ya sayi goro. Wannan ne ya fi ci mini rai. Don in iya karanta abin da shi ba zai iya ba ya sa ni makaranta. Na karanta, na gane, na rataye jaka.

Mutane suna cewa na rame, ko aikin birni ne. Ba aiki ba ne. In ana auna shinkafa a gwangwani, ƙarar nan nake ji. In salansar babur ta buga sai in tsinci kaina a tsugune. Ko a wurin aiki, duk sanda yatsana zai taɓa shida sai ya ɗan tsaya, har mai shagon ya fara tambaya ko maɓallin ne ya lalace.

Da babbar sallar da ta wuce na gaya wa Kaka, muna tsinke zogale mu biyu. Ta ci gaba da tsinkar zogalen. Can ta ce, "Da ina gida da kin hwaɗi mani." Na ce da na faɗa. Ta ce to ashe mu biyu ne, ita ma ba abin da ya kai ta Bungudu sai kwaɗayin tuwon suna. Ta ce kwana ne ya ƙare, ko da na yi magana Allah kaɗai ya san abin da zai faru, in daina kashe kaina. Har na fara jin sanyi a raina. Sai ta ajiye faranti ta dube ni.

"Amma Haruna hwa? Shi mi ya yi?"

Wata biyar ke nan wannan tambaya tana bina. Shi ya sa na rubuto. Maharban Tsafe da Bungudu da Kwatarkwashi, duk wanda aka karanta wa wannan ya ji: Malam Haruna bai cuci mahaifina ba. Ya faɗa, kunne ne bai ji ba. Wadda ta ji da kunnenta, ta gani da idonta, ni ce. Ban sani ba ko wannan zai buɗe masa shago, amma ya cancanci a gaishe shi a kasuwa ba tare da an kawar da kai ba. Baffa kuma na san zai yi fushi, kuma ina tsoronsa ƙwarai.

In na auna abin da Baba ya bari, ba bindigar ba ce, ba kuma dajin da ya ƙare ba. Hali ne na mutumin da yake duba abin da ya sa a bindiga kafin ya ɗaga ta, don ba ya son ya wahalar ko da dabba. Bai taɓa barin abin da ya raunata ya kwana a daji ba, sai ya bi sawu ya ƙarasa. Ni na bar Malam Haruna shekara uku.

Inna ba ta karatun boko. Da farko na yi niyyar in roƙi wanda ya san gidanmu ya karanta mata, a ce mata mai boko ta gani ta yi shiru. Sai na lura da abin da nake shirin yi: in sake tsayawa taku biyar daga uwata, ina jiran wani ya kai mini magana. Ran Juma'a zan shiga motar Tsafe. Zan biya ta bakin tasha tukuna, ba zan tsallaka titi ba. In na isa gida zan shiga madafa in zauna kusa da ita, in fara magana tun ba ta fara ba.

Allah ya jiƙan Malam Bawa, ya yalwata masa kabarinsa. Ni kuma ku taya ni addu'a muryata ta fito.