Ƙafar da Ke Cikin Lalle

Har yau sautin nan yana cikin wayata. Fuu, fuu, fuu, kamar ana hura wuta a murhu.

Ranar da na ɗauke shi, gwajin jijiyoyin jini kyauta munka fita yi a Unguwar Rogo, mu ɗaliban aikin asibiti da malamarmu. Na'urar 'yar ƙarama ce. Ka shafa mai a ƙafa, ka ɗora ta, ka saurari gudun jini. In sautin ya yi rauni, to hanya ta fara toshewa. Ni kam ranar ba a magana, farar riga ta sha guga, ji nake na gama haɗuwa.

Sai ga kakata a layi, mai ciwon suga, tana ɗingishi.

"Tsohuwa, yau kin shigo hannu," na ce.

"Kai tafi can, mijin banza. Mi ka sani? Ko cefane ba ka iya ba."

Ta miƙo ƙafar dama. Na ɗora, jini ya amsa raɗau. Na zaro waya na ɗauka, kafin ta sauke ƙafar har na watsa a sitatus: tsohuwa injinta sabo dal! Abokai sai turo dariya suke.

Ta hagun tana naɗe cikin leda da tsumma. Lalle ta ƙunsa tun safe, wai ƙafar na yi mata zogi, lalle ke janye shi.

"Kwance mu ji wagga."

"In kwance bai kama ba? Kwalliyar taka ce fa, marar godiya."

Na yi dariya. Malama ta sha faɗa muna ƙafa biyu ake saurare, ko mutum na gardama. Amma layi ya yi tsawo, waya na ta motsi a aljihu. Na cike takarda: dama lafiya, hagu lafiya.

Daga baya, da yatsun hagun sunka fara baƙi, duk gidan cewa munka yi lalle ne ya kama da kyau. Sai da wari ya fito. A asibiti anka ɗora irin na'urar nan a hagun, ina tsaye. Shiru. Likita ya matsa sama kaɗan. Shiru. Daga ƙasan gwiwa anka yanke.

Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Har yanzu mijina take ce min, in miƙo mata sanda. Ban gaya mata abin da na rubuta ba.

Wani lokaci a cikin keke, hanyar Gidan Igwai, sai in toshe kunne da abin sauraro in kunna sautin. Fuu, fuu, fuu. In ya ƙare ba na cirewa. Sai in zauna ina sauraron ɗaya ƙafar.