Ƙarar Motar Alhaji Sambo

A kakar auduga ta 1964, wata Laraba da hantsi, ina zaune a bayan ajinmu a Dayi muna carabke da ƙawayena, sai monita ya zo ya ce Hedimasta na kira. Shekaruna tara, ina aji uku. Na kwashe 'yan duwatsuna farare da na tsinto a rafi, na ƙulle a bakin zane, na bi shi. A gindin tsamiyar ƙofar makaranta na tarar da Hedimasta tsaye, kusa da shi Alhaji Sambo mai sayen auduga yana ta huci, ga a-kori-kurarsa a inuwa. Ko gaisuwata ba a amsa ba. Hedimasta ya kwance bakin zanena, duwatsun suka zube, ya dubi Alhaji ya ce to ga ɓarauniyar nan an kama.

Motar Alhaji Sambo ita kaɗai ce ke kwana a garinmu a lokacin. Kullum a nan yake ajiye ta ya taka zuwa fuloti, inda ake auna audugar iyayenmu. Shi ya ba makaranta kwanon rufin aji biyu, don haka in ya yi tari Hedimasta sai ya rusuna. A makon nan ne ya kai motar Funtua aka canja mata sifirin, wato faffaɗan ƙarafan nan da ake jerawa a ƙarƙashi su ɗauki nauyi, don ta riƙa kwasar kaya ninki biyu. Tun dawowarta take wani ƙwaram-ƙwaram in ta faɗa rami. Alhaji ya kafe cewa sabon ƙarfe ba ya ƙara, sai dai in yara ne suka zuba mata tsakuwa a murfin taya. Aka bincika, wani ya ce ya gan ni jiya tsugune a gindinta. Gaskiya ne na tsuguna. Murfin tayar yana ƙyalli, gidanmu kuwa babu madubi, fuskata na je kallo.

Na faɗi haka, aka yi dariya. Sai na ƙara da abin da kunnena ya ji, na ce tun ranar da motar ta dawo, tun daga kan gada take wannan ƙarar, kafin kowa ya matsa kusa da ita. Wannan maganar ce ta jawo mini. Hedimasta ya ce ga ɓarna ga rashin kunya, 'yar ƙanƙanuwa tana ƙaryata Alhaji. Aka kaɗa ƙararrawa, makaranta duka ta fito ta yi layi, aka sa manyan yara biyu suka riƙe hannuwana, Hedimasta ya zuba mini tsumagiya goma sha biyu a baya da ƙwauri. Alhaji na tsaye yana cin goro. Bayan an gama aka ɓalle murafen tayoyin huɗu, ba a sami ko ƙwayar yashi ba. Maimakon su ji kunya, sai suka ce ai na cusa duwatsun can ciki inda hannu ba ya kai.

Mu huɗu ne kawai mata a ajin. Babana da kansa ya kai ni makaranta, yayyensa suna yi masa ba'a. Ina son makarantar nan kamar me. Da asuba nake ɗebo ruwa tulu uku, in taya Inna surfe, in kai wa awaki harawa, sannan in ruga da allona a ka don kada a rufe layi. In an tashi in wuce gona cirar auduga, ina cira ina haddace jadawalin sau. Da yamma Inna na kaɗi da mazari, ni ina rubuta mata sunanta a ƙasa da tsinke, tana cewa, "Ashe haka nake a rubuce." Duk wannan ya ƙare a ranar. Da Baba ya ga bayana, ya kuma ji yayyensa na cewa ai ga amfanin boko nan, sai ya rantse a tsakar gida cewa ƙafata ba za ta sake taka makarantar ba.

 Washegari Inna ta ja ni har maƙerar yayanta, Kawu Tanko, da ke bakin hanyar Malumfashi, ta ɗaga rigata ta nuna masa. Kawu bai taɓa zama ajin kowa ba, garma da lauje da fartanya ne aikinsa, amma direbobin manyan motoci kan tsaya wurinsa in wani ƙarfe ya karye musu. Ya daɗe yana kallon shatar bulalar, sannan ya ce mu koma gida.

Ranar Asabar motar ta taho da kaya, tana ƙara fiye da da. Kawu ya fito da doguwar sandar ƙarfe ya tsaya a tsakiyar hanya, ya aika a kira ni. Kafin in iso mutane sun taru. Ya ce da Alhaji tunda an daki ɗiyarsa a bainar jama'a, a bainar jama'a za a nemo duwatsun. Ya sa aka tada injin motar tana tsaye, ba a ji komai ba, ya ce to ba daga inji ba ne. Ya sa aka kashe, ya sa ƙarti huɗu su riƙa danna ta suna saki, kusurwa bayan kusurwa. Gaba shiru, bayan dama shiru, da aka zo bayan hagu sai ga ƙwaram-ƙwaram. Ya ɗora kan sandarsa a jikin ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, ɗaya kan a kunnensa, har ya tsaya a wuri guda. Ya miƙo mini sandar ya ce, "Laure, sa kunnenki. Wannan ce ƙarar da kika ji a kan gada?" Na ji ta har cikin haƙorana, na ce ita ce.

Ya shiga ƙarƙashi da rigingine, ya fito da bayani. Bakaniken Funtua ya cusa ƙarafa biyu na babbar mota a cikin jerin, maɗaurin ya yi musu kaɗan, noti ɗaya ya riga ya faɗi, ƙarfe ɗaya ya tsage yana dukan ɗan'uwansa. Ya ce da ta ƙara sawu biyu da irin wannan kayan, da ta kife da duk wanda ke kai. Alhaji ya leƙa ya gani da idonsa. Na tsaya ina jiran ya dube ni. Bai duba ba. Ya yi 'yar dariya ya ce ai abin da ya wuce ya wuce, ya tambayi Kawu ko zai iya gyarawa kafin la'asar. Kawu ya ce ya nemi wani, ya koma bakin wutarsa. Hedimasta ya ji labari, bai aiko ba, bai zo ba. Inna ta roƙi Baba har da hawaye, ya ce ya riga ya rantse. Shi ma ina jin haushinsa, don ya san gaskiya ta fito, ya zaɓi rantsuwarsa a kaina.

Sai da na haifi 'ya'ya huɗu na sake riƙe fensir, a ajin yaƙi da jahilci a Funtua. Yanzu bakin titin Dayi cike yake da makanikai, ko babur ya yi tari sai a sami mai duba shi nan take, kuma da safe 'yan mata kan cika hanya da jakunkunan littattafai, ba mai ƙirga su. Nakan tsaya in kalle su har su shige. Alhaji da Hedimasta da Baba duk sun rasu, ina sa su a addu'a kamar yadda aka umarce mu. Zuciyar dai har yau ba ta huce ba.